Waya Ɗaya Ta Ishi Aji Guda: Mu Mayar da Rikicin “to” da “-ing” Wasa

Duk mai riƙe da wayar Android, musamman irin namu masu ƙaramin rumbu, ya san saƙon nan da ke faɗowa tsakiyar allo idan manhaja ta shaƙe: “Facebook keeps stopping”. Ka gan shi ya fi sau ɗari, ka ja tsaki, ka rufe. Idan ka tura wa wani wurin da kake kai tsaye a WhatsApp, abin da za ka latsa ka katse shi “Stop sharing” aka rubuta a jikinsa. Saƙon tes ya ƙi tafiya, waya ta ce maka “Failed to send”. To ga tambaya: me ya sa aka ce “keeps stopping”, ba a ce “keeps to stop” ba? Me ya sa “failed to send”, ba “failed sending” ba?

Da yawanmu ba za mu iya bayani ba. Amma da wata rana wayarka za ta rubuta “keeps to stop”, nan take za ka ji wani bambaraƙwai, ka fara zargin ko jabu aka sayar maka. Ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka doka a kan wannan, yawan gani ne ya dasa maka shi.

Ra'ayina ke nan a kan wannan yanki na Turanci, wato sanin ko aikatau na biyu a jimla zai ɗauki “to” a gabansa ko “-ing” a wutsiyarsa, abin da littattafan makaranta ke kira infinitive da gerund. Kwafar doka daga allo ba ta shigar da shi kai. Maimaici yake so, kuma wasa ne hanya mafi arha ta sa yaro ya maimaita abu sau talatin bai ƙosa ba. Sai dai wasannin da ake tallata mana a intanet an ɗinka su ne daidai wuyan wani aji da ba namu ba. Ajinmu na Karkarna ko Roni ko Gwiwa waya ɗaya ta ishe shi, wani lokacin ma alli kaɗai, matuƙar an gina wasan a kan Hausar da yaro ya zo da ita daga gida.

Kada wani ya ce abin bai kai ya kawo ba. A jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi, Turanci dole ne ga kowa, kuma shi kaɗai ke da tambaya 60 cikin 180, a cikin awa biyu. A WAEC da NECO, in babu kiredit a Turanci, sauran sakamakonka ado ne kawai. Wajen makin insha'i a WAEC akwai kason da aka ware wa tsabtar rubutu, kowane kuskuren nahawu yana cin rabin maki daga ciki. Yaron da ke rubuta “I enjoy to read” da “he refused coming” yana zubar da maki kamar tulu mai yoyo, bai ma san yana yi ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, duk a bakin ƙofarmu, amma da wannan kiredit ɗin ake buɗe ƙofar. Mu kuma da ke neman aiki ta intanet mun san yadda saƙon farko da ka tura wa mai ba da aiki ke yanke maka hukunci kafin ya buɗe aikinka. Ka rufe wasiƙa da “I look forward to hear from you”, wanda ya san harshen ya riga ya gano akwai gyara, domin “hearing” ne ke zama a wurin.

Me ya sa doka ba ta kama shi

A aikinmu na haɗa manhaja matsala iri biyu ce. Akwai wadda ake warwarewa da sharaɗi: idan kaza ne, yi kaza, in ba haka ba, yi kaza. Akwai kuma wadda babu sharaɗin da zai kama ta, sai dai ka zuba amsoshin a jadawali manhaja ta riƙa leƙawa. Ɗauki lambar kiran ƙasashe. Babu lissafin da zai fitar maka da cewa Najeriya 234 ce, Nijar 227. Ajiye su ake yi. Rikicin “to” da “-ing” ya fi kusa da wannan iri na biyu.

Masana sun yi ƙoƙarin samo masa sharaɗi. Wani masanin harshe Ba'amurke, Dwight Bolinger, ya kawo bayani a 1968 cewa “to” ya fi tafiya da abin da bai faru ba tukuna, abin da ake so ko ake fata, shi kuwa “-ing” ya fi tafiya da abin da ya auku ko ake cikinsa. Bayanin yana taimakawa: want, hope, plan, decide, promise duk gaba suke kallo, kuma duk “to” suke ɗauka, enjoy, finish, deny, admit kuwa “-ing”. Amma da ka matsa kaɗan sai ya fara yoyo. Avoid, consider da suggest duk a kan abin da bai faru ba suke magana, kuma “-ing” suke ɗauka. Manage yana nufin an riga an yi nasarar yin abin, kuma “to” yake ɗauka. Da manhaja ce aka rubuta da wannan sharaɗin, da kullum tana cikin faɗuwa.

Abin farin cikin shi ne jadawalin ba shi da tsawo. Aikatau ɗin da ɗan sakandare zai yi ta karo da su ba su wuce arba'in zuwa hamsin ba. Abin da malami ke yi galibi shi ne ya rubuta su a allo gida biyu, yara su kwafe, a tashi. Mako biyu ya zagayo, an manta. Wannan ba laifin yaran ba ne, kuma ba sabon abu ba ne: tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace sau ɗaya yana zubewa da sauri a kwanakin farko, sai in an koma masa a kai a kai. Mutanenmu sun san haka tun kafin a rubuta shi a Jamus. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tishi.

Hausa ta riga ta yi rabin aikin

Nan ne na fi son in daɗe, domin nan ne duk wata manhajar waje ta bar mu a baya.

Bahaushe yana da wannan rabe-raben a bakinsa tun yana yaro. Muna cewa “ina son tafiya”, muna kuma cewa “ina so in tafi”. Na farkon ya yi amfani da abin da malaman nahawun Hausa ke kira suna ɗan aikatau, irin su tafiya, karatu, sha, zuwa, gyara. Shi ne ɗan'uwan “-ing”. Na biyun, “in tafi, ka tafi, ya tafi”, shi ke yin aikin da “to” ke yi a wurare da yawa. Kuma mu ma muna da aikatau da ba sa karɓar sai ɗaya. Babu Bahaushen da zai ce “na daina in sha shayi” ko “na gama in ci abinci”. Daina, gama, dinga, riƙa, taɓa, duk suna ɗan aikatau suke bi da shi. Da za ka tambayi yaro ɗan shekara shida dalili ba zai iya faɗa maka ba, amma ba zai taɓa kuskurewa ba.

To duba inda harsunan biyu suka yi daidai. Na gama karatu, “I finished reading”. Ya daina zuwa, “he stopped coming”. Ta ci gaba da kuka, “she kept crying”. Muna jin daɗin kallo, “we enjoy watching”. Ya musanta ɗauka, “he denied taking it”. Ka guji yin ƙarya, “avoid telling lies”. A duk waɗannan, yaron da aka ce masa “bi Hausarka” zai dace. Wannan kyauta ce, kuma ya kamata a gaya masa ya san yana da ita.

Sai kuma inda suka saɓa, inda ramin yake. Ya ƙi zuwa. Hausa ta sa suna ɗan aikatau, sai yaro ya bi ta ya rubuta “he refused coming”, alhali Turanci “refused to come” yake so. Ya yi alkawarin biya: “promised to pay”. Ina fatan ganinka: “I hope to see you”. Ta yanke shawarar komawa: “she decided to go back”. Ya kasa gamawa: “he failed to finish”. Ina koyon tuƙi: “I am learning to drive”. Ina son zuwa Kano, ma'ana niyya nake yi: “I want to go”. A ɗaya ɓangaren kuma, ya ba da shawara mu tafi, sai yaro ya ce “he suggested to go”, alhali “suggested going” ne. Ina tunanin in sayi sabuwar waya: “I am considering buying”, ba “to buy” ba.

Ka ga ashe kuskuren ɗalibin Bahaushe ba na kan-mai-uwa-da-wabi ba ne. Ana iya hango shi tun daga nesa. Daga cikin aikatau hamsin ɗin nan, wajen rabi Hausa ta riga ta biya masa kuɗinsu. Ragowar su ne suka cancanci a kashe lokacin aji a kansu. Ƙara da waɗanda ya tsinta a Turancin titi da na ofis, irin “enable me do it” da “allow me go” da aka yar da “to” ɗinsu, da “he made me to cry” da aka cusa masa “to” ɗin da ba ya so.

Mafi daɗin duka su ne aikatau ɗin da ke karɓar duka biyun amma ma'ana ta juya. Littafin Turanci yakan sha wahala wajen bayaninsu, domin da kalma ɗaya yake fama. Hausa kuwa kalma biyu take da su. Direban da ya taso daga Kano zai tafi Daura, ya iso Kazaure: “he stopped to drink tea”, ya tsaya ya sha shayi. Likita ya hana shi sukari: “he stopped drinking tea”, ya daina shan shayi. Tsaya da daina, magana ta ƙare. “Try to open it”, yi ƙoƙari ka buɗe, abin da wuya. “Try restarting it”, gwada kashewa da kunnawa ka gani, abin da kowane mai gyaran waya ke fara gaya maka. Ƙoƙarta da gwada. “Remember to charge the phone”, ka tuna ka sa ta a caji, ba ka sa ba tukuna. “I remember charging it”, ina tune da cewa na sa ta. “I regret telling him”, na yi da-na-sanin gaya masa. “We regret to inform you” kuwa, wanda duk ya taɓa neman gurbin karatu ko aiki ta imel ya san ba alheri ke biye da shi ba. Abin da zai ci wa malami rabin darasi da Turanci zalla, da Hausa minti biyu ne. Shi ya sa nake ganin dokar “ba a yin Hausa a aji” da wasu makarantu ke alfahari da ita, a wannan darasin dai, asara ce tsantsa.

Yanzu mu duba abin da ke kasuwa. Duolingo ta fito ga jama'a a 2012, kuma ba a raina ta ba wajen sa mutum ya dawo kullum. Tana koyar da Swahili da Zulu, amma ba ta da kwas ɗin Turanci ga mai jin Hausa, don haka ba ta san ramin “ya ƙi zuwa” ba balle ta cike shi. Kahoot, wadda aka ƙirƙira a Norway ta fito a 2013, ita ce ake yawan nuna wa malamai a taron bita. A tsarinta na asali ana son babban allo ko majigi a gaban aji, kowane ɗan wasa da na'urarsa, kowa kuma a kan intanet. Lissafa wannan a ajin gwamnati mai yara saba'in, a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Ga shi makarantu da yawa, musamman na kwana, sun hana ɗalibai riƙe waya ɗungurungum. Ko da an kawar da duk wannan, akwai abin da ban yarda da shi ba a cikin ginin wasan kansa: Kahoot tana ƙara maki ga wanda ya riga latsawa. Yaron da ke karanta Turanci a hankali, wanda shi ne aka yi wasan dominsa, zai gane da wuri cewa caccankar amsa da sauri ta fi masa riba a kan karanta jimla.

Wasannin da na ce sun ishe mu

Na farko ba ya son waya ko ɗaya. Dara ce. Zana gidajen dara talatin a allo, biyar a shida, ka rubuta aikatau ɗaya a kowane gida, ka fi yawaita masu ramin nan. Raba aji biyu. Ɓangaren da ke son gida sai ya gina cikakkiyar jimla da aikatau ɗin da ke ciki. Ta yi daidai, gida ya zama nasu. Suka jera uku, sun ci, sai su cire ɗaya daga gidajen abokan karawa, gidan ya koma fili, kuma wanda zai sake kama shi sai da sabuwar jimla. Amfanin wannan cirewar shi ne aikatau ɗaya zai dawo sau uku ko huɗu a wasa guda, ba wanda ya ji an maimaita masa. Gidajen stop, try, remember, forget da regret a sa musu sharaɗi: sai an kawo jimla biyu da fassarar kowace da Hausa. Na buga wannan da ƙannena da abokan karatunsu a darasin yamma, abin da ya fi burge ni shi ne gardamar. Ɗaya ɓangaren ba ya barin kuskure ya wuce, domin gida ne zai tafi. Yaran da ba sa ɗaga hannu a aji sai ga su suna rantsuwa cewa “decide” ba ya ɗaukar “-ing”.

Na biyu na motsa jiki ne, minti uku ya isa. Yara suna tafiya a fili ko suna rubutu a kujerunsu, malami ya ce “stop talking”, ko “stop to talk”, ko “stop writing”, ko “stop to write”, kowa ya aikata abin da ya ji. Wanda ya yi shiru a inda aka ce ya tsaya ya yi hira, dariyar 'yan'uwansa ta ishe shi gyara.

Na uku shi ne inda wayar malami ke shigowa. Akwai manhaja mai suna Plickers da ta fahimci irin ajinmu fiye da sauran. Kowane ɗalibi ana ba shi kati na takarda mai wani zane baƙi, gefensa huɗu na nufin A, B, C, D. Malami ya karanta tambaya ko ya rubuta a allo, yaro ya juya gefen da ya zaɓa sama ya ɗaga, malami ya zagaya da kyamarar wayarsa, nan take ya ga wa ya dace wa ya kuskure. Zanen kowa daban ne, haruffan kuma ƙanana, saboda haka leƙen na kusa ba ya amfani. Katunan suna kaiwa 63, ana buga su a kowane shagon kwamfuta a Kazaure, ajin da ya fi haka a haɗa yara biyu a kati ɗaya. Data a wayar malami kaɗai ake buƙata. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a ƙarshen mako malami yana da rubutaccen bayani cewa “refuse” da “suggest” ne ke kayar da ajinsa, sai ya san abin da zai zuba a gidajen dara ranar Litinin.

Ga ku masu waya a hannu, waɗanda suka gama sakandare suna jiran JAMB, akwai farautar hoton allo. A zaurenku na WhatsApp ku sa gasa ta mako: kowa ya kawo hoton saƙon da wayarsa ta nuna masa mai ɗauke da aikatau biyu a jere, ya fassara shi da Hausa. “Continue watching”, “Finish setting up”, “Trying to connect”, “Do you want to delete”, “Keep editing”. Wanda ya kawo abin da wani ya riga ya kawo ba shi da maki. Masu koyon kodin kuna da gona guda a baƙin allonku. Wanda ya taɓa amfani da Git ya san “failed to push some refs”. WhatsApp ta kawo ƙuri'a a cikin hira tun ƙarshen 2022, ana iya jefa tambaya da ita, sai dai ba ta nuna amsar da ta dace. Telegram ta fi ta a nan, domin tun 2020 tana da ƙuri'a irin ta kacici-kacici da ke nuna maka ka ci ko ka faɗi, har da gurbin ɗan bayani, inda za a rubuta Hausar.

Shi kuwa tishin, wato komawa kan abin da aka koya kafin ya zube, Anki ce gwanarsa. Tun 2006 take, ta Android ɗinta mai suna AnkiDroid kyauta ce, tana aiki ba data, kuma ita ke lissafa ranar da za ta dawo maka da kowane kati: wanda ka kuskure gobe, wanda ka sani sai bayan kwanaki. Wanda ba shi da waya ya yi irin na Sebastian Leitner, ɗan jaridar da ya bayyana tsarin a Jamus a 1972: kwali uku da 'yan katuna. Na kwalin farko kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Ka ci kati ya matsa gaba, ka faɗi ya dawo farko. Kwalin sukari uku sun isa.

Abu ɗaya nake roƙon duk wanda zai shirya irin wannan wasan, a allo ko a manhaja: kada a yi na fitar da wanda ya faɗi. Wasan “ka kuskure ka zauna” yana korar mai rauni a zagayen farko, ya bar gwanaye uku suna ta atisayen da ba sa buƙata, sauran aji suna kallo. Kuma kowane zagaye ya ƙare da jimlar daidai, a faɗe ta da ƙarfi, kada kuskuren ya zama shi ne abu na ƙarshe da kunne ya ji.

Na san abin da za a ce. Wani shugaban makaranta zai ji hayaniya ya leƙo, ya ga dara a allo, ya ce malam ya mayar da aji dandali. Wani uba zai ce karatu ya tura ɗansa. Ina ganin damuwarsu, domin akwai malamin da zai fake da wasa ya huta. Amma lissafi ne mai sauƙi: a darasin minti arba'in na kwafar allo, jimla nawa yaro ɗaya ya gina da bakinsa? Sau da yawa ko ɗaya. A minti goma na dara ya ji talatin, ya yi gardama a kan biyar, ya gina biyu. Ban ce a mayar da duk darasin wasa ba, kuma wasa ba zai maye gurbin karanta littafi ba. Wanda ke karatu da yawa yana tsintar waɗannan abubuwa kamar yadda ka tsinci “keeps stopping”. Minti goma ne a ƙarshen darasi, sau biyu a mako.

Ɗaya maganar daga abokaina take fitowa: tunda ChatGPT da Grammarly suna gyara rubutu, wahalar me? Suna gyarawa kam, ni ma ina amfani da su. Amma ba a shiga zauren JAMB da waya, kuma ranar da mai ba da aiki ya ce a haɗu a Zoom, bakinka ne kaɗai zai fita da kai. Inda suke da amfani shi ne wajen malami: ya sa su zubo masa jimla hamsin a kan “avoid” da “refuse” cikin minti ɗaya, ya tace, ya canja sunayen garuruwa da abinci zuwa namu. Ɓangaren Hausar kuwa ya rubuta da kansa, domin nan suke yawan tuntuɓe.

Sauran magana tamu ce, masu haɗa manhaja, har da ɗaliban Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Jigawa da ke Kazaure masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. Wannan aiki ba ya son sabar, ba ya son rajista, ba ya son talla. Jimla ɗari biyu da fassararsu ba za su kai nauyin hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ba. Fayil ɗin HTML guda mai ɗan JavaScript a ciki ya isa, a rubuta shi ko a waya da Acode, a tura ta Xender ko Bluetooth, ya buɗe a Chrome ba data. Ya nuna jimla mai giɓi, maɓalli biyu, in an kuskure ya fito da Hausar ya dawo da tambayar bayan wasu biyar. A sa masa yanayin ɓangare biyu don waya ɗaya ta riƙa zagayawa hannu zuwa hannu. Kada a sa agogo.

Kodin ɗin aikin yini biyu ne. Abin da zai ci lokaci shi ne jadawalin, kuma ba a intanet za a kwafo shi ba. Yana wurin malaman Turancin da ke makin takardun yara a 'Yankwashi da Achilafiya da Babura, waɗanda suka san kuskuren da suke ja wa jan biro kowane zango. A zauna da uku ko huɗu daga cikinsu, a cike gida huɗu ga kowane layi: jimlar Turanci mai giɓi, amsarta, yadda Bahaushe zai faɗe ta, da ko Hausar tana taimako a nan ko tana jefawa rami. In jadawalin ya samu, shi ne zai shiga fayil ɗin HTML, shi ne za a mayar katunan Anki, shi ne kuma malamin da ba shi da waya zai buga a takarda biyu ya riƙa cika gidajen dararsa da shi.